Nahawun Adireshin Intanet, Tare da Misali Daga Sunan Haɗejiya

Duk wanda ya taɓa aika wasiƙa zuwa Haɗejiya a zamanin da gidan waya yake tashe ya san cewa mai raba wasiƙu mutum ne mai yawan uzuri. Wani zai rubuta Hadejia a bayan ambulan, wani Hadeja, wani Haɗejiya, wani ma ya ci gaba da sa Jihar Kano bayan an ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Wani kuma ya manta sunan unguwa, ya ce kusa da gidan mai unguwa kawai. Duk da haka wasiƙar takan isa Matsaro ko Dubantu ko 'Yankoli, domin mai rabawar ɗan gari ne, yana cike giɓin da marubuci ya bari da abin da ya sani.

Na'ura ba ta da irin wannan uzuri. Saƙon da mai sayar da kifi ya aika da wayarsa daga Guri zuwa Kano, ko takardar da ɗalibi ya tura daga Kafin Hausa, ba za su isa ba sai an rubuta adireshinsu bisa ƙa'ida, an kuma karanta shi bisa wannan ƙa'idar. A wannan maƙala za mu duba yadda manhajar kwamfuta take ajiye adireshi a cikinta, da yadda take feɗe shi in an rubuto mata, da yadda take mayar da shi rubutu domin idon mutum. Dalilin kawo zancen a mujallar harshe shi ne, matsalar da masu manhaja suka yi ta fama da ita ƙanwa ce ga wadda magabatanmu suka fuskanta wajen daidaita rubutun Hausa, kuma harafi na uku na sunan Haɗejiya ya faɗa cikinta tsundum.

Lamba da rigarta

A watan Satumba na 1981 aka fitar da takardar ƙa'ida mai lamba RFC 791, wadda Jon Postel ya tace, ita ce ta kafa tsarin adireshi da ake kira IPv4. A wannan tsari adireshi lamba ce guda ɗaya tak. Kwamfuta ba ta san wata alama ba sai sifiri da ɗaya, kowace alama ana ce mata bit, kuma adireshin IPv4 bit 32 ne a jere. Watau ke nan adireshi 4,294,967,296 ake iya samu, ba ƙari.

Mutum ba zai iya riƙe sifiri da ɗaya har talatin da biyu a ka ba, saboda haka aka yanka jerin gida huɗu, kowane gida bit takwas, aka rubuta kowane gida da lambar da muka saba, daga 0 zuwa 255, aka raba su da ɗigo. Dubi waɗannan misalai, waɗanda aka ɗauko daga rukunin da aka keɓe domin koyarwa:

(1) 192.0.2.10
(2) 3221225994
(3) 0xC000020A

Abu ɗaya ne aka rubuta sau uku. Na (2) shi ne lambar a dunƙule: 192 sau 16,777,216, a ƙara 2 sau 256, a ƙara 10. Na (3) kuwa ita ce dai aka rubuta da ƙidayar sha shida-sha shida, inda haruffan A zuwa F suke wakiltar goma zuwa goma sha biyar. Ɗalibin nahawu zai gane wannan nan da nan, domin ya saba da bambancin ƙirar ɓoye da ƙirar sarari. Bahaushe ma yana cewa goma sha takwas, yana cewa ashirin biyu babu, yana rubuta 18, kuma adadin bai canja ba. Haka ɗari huɗu da arbaminya.

Amfanin rarrabe lamba da rigarta yakan fito fili wajen jerawa. Manhajar da ta ajiye adireshi a matsayin rubutu za ta sa 192.0.2.10 a gaban 192.0.2.9, domin tana bin alama ɗaya-ɗaya kamar mai shirya ƙamus, ta ga 1 ya riga 9. Wadda ta ajiye shi a matsayin lamba ba za ta yi wannan kuskure ba.

Akwai kuma batun wane gida ne zai fara fita in za a aika lambar ta waya. Wasu na'urori sukan ajiye babban gida a farko, wasu ƙaramin, kamar yadda Bahaushe yake cewa ashirin da biyar, Balarabe kuwa ya fara ambaton biyar ɗin. Danny Cohen ya yi rubutu a kan wannan saɓani a 1980, daga baya aka tsaya a kan cewa a intanet babban gida ne ke gaba. Mai manhajar da ya manta da juyawar zai aika wa 10.2.0.192 saƙon 192.0.2.10.

Li'irabin adireshi

Aikin da manhaja take yi in an ba ta rubutu irin na (1) li'irabi ne sosai. Za ta bi alamomin daga hagu, ta tara lambobi har ta ci karo da ɗigo, ta tabbatar abin da ta tara bai wuce 255 ba, ta ajiye, ta ci gaba, a ƙarshe ta ƙirga ta ga gida huɗu ne. In ta tarar da 192.0.2.300, ko gida biyar, ko harafi a inda lamba ta kamata, sai ta ƙi. Har nan babu gardama.

Gardamar ta taso ne daga sassauci. Tsarin Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya yaɗu tun daga 1983, ya zo da wani mai feɗe adireshi mai saukin kai ƙwarai. Yana karɓar gida uku ko biyu ko ɗaya, ya ɗauki na ƙarshen ya cike sauran guraben da shi, har 192.0.522 ya zama daidai da (1), 127.1 kuma ya zama 127.0.0.1. Abin da ya fi haka haɗari shi ne, ya gaji wata al'ada daga harshen manhaja na C, cewa duk lambar da ta fara da sifiri ana karanta ta da ƙidayar takwas-takwas. To, ga abin da ya biyo baya:

(4) 192.0.2.010

Wani mai feɗewa zai ce wannan sifiri ado ne, ya jefar da shi, ya karanta goma. Wani zai ce alama ce ta ƙidayar takwas, ya karanta takwas. Rubutu ɗaya, gida biyu daban.

Wanda ya taɓa ciniki a kasuwar Maigatari ya san irin wannan. In baƙo daga Nijar ya ce ɗari, dala ɗari yake nufi, watau sefa 500, domin su da dala suke ƙirga kuɗi. Kalmar Hausa ce, kowa ya ji ta, amma ma'aunin da ke ƙarƙashinta ya bambanta. A kasuwa dillali yana nan, zai warware kafin a miƙa kuɗi. Tsakanin manhaja da manhaja kuwa babu dillali.

A 2021 wannan ɗan sifiri ya tayar da ƙura. Adireshin 127.0.0.1 na musamman ne, ma'anarsa na'urar da ake kai ita kanta, shi ya sa ake sa manhaja mai gadi ta hana baƙo daga waje ya nemi a kai shi can. Sai masu bincike suka nuna cewa in aka rubuta 0177.0.0.1, mai gadin yakan jefar da sifirin, ya ga 177, ya ce wannan gidan waje ne, a wuce. Manhajar da za ta kai saƙon kuwa sai ta karanta 0177 da ƙidayar takwas, ta sami 127, ta shigar da baƙo har ƙuryar ɗaki. An sami wannan rauni a wata manhaja mai suna netmask wadda dubban wasu suka dogara da ita, an kuma same shi a harsunan Python da Go. Maganin da Python ta ɗauka a fitowarta ta 3.9.5, Go kuma a ta 1.17, duka a shekarar, iri ɗaya ne: duk gidan da ya fara da sifirin da ba a bukata, a ƙi shi gaba ɗaya, kada a yi ta cankar abin da marubuci yake nufi.

Postel yana da wata shawara da ta shahara tun 1980, cewa na'ura ta tsananta wa kanta a abin da take aikawa, ta sassauta a abin da take karɓa. Halin mai raba wasiƙun nan ne na Haɗejiya, kuma lalle ya taimaka wa intanet ta tashi lokacin da take jaririya. A ganina dai, a fagen adireshi shawarar ta ci amanar masu binta. Sassaucin mutum ɗaya alheri ne, amma in masu sassauci biyu ne, kowa da irin nasa, ɓarawo tsakaninsu yake bi.

Sifirin farko yana da wata fuska a lambar tarho, wadda ita ma adireshi ce. A zamanin NITEL mai kiran Haɗejiya daga wani gari yakan fara da 078, mai kiran Kano da 064. Wannan sifiri ba ya cikin lambar, umurni ne ga na'ura cewa kiran zai fita gari. Shi ya sa a tsarin duniya na E.164, wanda bai yarda lamba ta wuce alama 15 ba, ake cire shi a sa lambar ƙasa, 0803 ta koma +234 803. Na taɓa ganin jerin lambobin iyayen yara a wata makaranta, an zuba su a manhajar lissafi, ita kuwa ta ɗauke su adadi ne irin na kuɗi, ta share sifirin kowace. A adireshin IPv4 kuskuren shi ne a ɗauki lamba a matsayin rubutu, a nan kuwa an ɗauki rubutu a matsayin lamba.

Daidaitawa

Adireshi biliyan huɗu da 'yan kai ba su ishi duniya ba. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, hukumar IANA ta raba ragowar manyan rukunan da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a Morishus, wadda aka amince da ita a 2005, kuma rukunan da suka fara da 41 da 102 da 105 da 197 suna cikin rabonta. Saboda ƙarancin ne kamfanonin waya sukan tara masu waya da yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar babban gida mai zaure ɗaya da ɗakuna barkatai. Don haka adireshin da duniya take gani ba ya nuna ko mai wayar yana Auyo ne ko Birniwa. Na kamfani ne, sau da yawa ma manhajar da ke cankar wuri takan ce mutumin yana Legas.

Magajin IPv4 shi ne IPv6, wanda aka fara bayyanawa a 1995. Bit 128 gare shi, yawan adireshinsa lamba ce mai alama 39. Ana rubuta shi gida takwas da ƙidayar sha shida, a raba da ruwa biyu:

(5) 2001:0db8:0000:0000:0000:0000:0002:000a
(6) 2001:db8::2:a

Domin rage tsawo aka yarda a jefar da sifirin farkon kowane gida, a kuma haɗiye jerin gidajen da suke sifiri zalla a sa ruwa biyu sau biyu a gurbinsu. Mai feɗewa zai ƙirga gidajen da suka bayyana a (6), ya ga huɗu, ya san huɗu aka haɗiye. Sau ɗaya kawai ake wannan haɗiya a adireshi, domin in aka yi sau biyu babu mai sanin nawa suka ɓace a nan, nawa a can.

Amma wannan rangwame ya haifar da rubutu iri-iri ga adireshi ɗaya: da manyan haruffa ko ƙanana, da sifiri ko babu, a haɗiye nan ko can. Ma'aikacin da yake neman wani adireshi a cikin rajistar na'ura sai ya rasa shi alhali yana nan, cikin wata riga. A watan Agusta na 2010 Seiichi Kawamura da Masanobu Kawashima suka fitar da RFC 5952, wadda ta ce mai karatu ya karɓi duk sigar da ta halatta, amma mai rubutu siga ɗaya zai fitar: ƙananan haruffa, babu sifirin farko, a haɗiye jerin da ya fi tsawo, in biyu sun yi kunnen doki a haɗiye na farko, kuma kada a haɗiye gida ɗaya tilo. Wannan ita ce daidaitacciyar Hausar adireshi, in mai karatu ya yarda da aron. Aikin da Hukumar Harshen Hausa ta soma a 1955, aka ci gaba da shi a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, bai hana Basakkwace ko Bahaɗeje yin magana da karin harshensa ba, ya dai ce in za a buga littafi ga yadda za a rubuta.

Harafi na uku

Mutane ba da lamba suke neman wuri ba, da suna suke nema. Tsarin da ke fassara suna zuwa lamba, DNS, Paul Mockapetris ne ya ƙago shi a 1983. Suna irin slu.edu.ng, na Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, ana feɗe shi ne daga dama: ng ita ce Nijeriya, wadda aka ba ta wannan gaɓa a 1995, hukumar NiRA da aka kafa a 2005 take kula da ita, edu rukunin makarantu ne, slu kuma ita jami'ar. Watau suna yana tafiya daga ƙarami zuwa babba, kamar bayan ambulan, lamba kuwa daga babba zuwa ƙarami. Kowace gaɓa ba ta wuce alama 63.

Alamomin da aka yarda da su a sunan na'ura 37 ne: haruffan Ingilishi 26, lambobi 10, da karan ɗori. An tsamo su daga jerin ASCII mai alama 128, wanda aka tsara a Amurka a shekarun 1960. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu alhamzar da muke sa wa 'y. Labarin baka ya ce sunan garin ya samo asali daga wani maharbi Haɗe da matarsa Jiya. To, a wannan tsari Jiya ta shiga lafiya, Haɗe ne aka tsayar a ƙofa.

Ba yau haruffan nan suka fara shan wahala a hannun na'ura ba. Kafin a tsaya a kan masu lanƙwasa a shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, an gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, an gwada alhamza a gefensa, kuma duk wanda ya yi aiki da tafireta ya tuna yadda ake bin takarda da biro ana yi wa d da k ƙugiya. Unicode ta ba kowannensu lamba: ɓ 595, ɗ 599, ƙ 409, sai ƴ ta Nijar 436. Sauran aiki shi ne yadda za a shigar da su DNS ba tare da an rushe ginin da ya riga ya tsaya ba.

Dabarar da aka fitar a 2003, aka sake gyara ta a 2010, ita ce a bar DNS yadda yake, a sa manhajar mai amfani ta yi fassara. Hanyar fassarar sunanta Punycode, Adam Costello ne ya tsara ta. Bari mu bi ta da sunan garinmu. Da farko a mayar da haruffa ƙanana: haɗejiya. A zare baƙon harafi, saura haejiya, haruffa bakwai, masu guraben saka harafi takwas in an haɗa da farko da ƙarshe. Lambar ɗ 599 ce, a debe 128 na ASCII, saura 471. A ninka da takwas, 3,768. A ƙara 2, domin haruffa biyu ne suke gaban gurbin ɗ, ya zama 3,770. Wannan lamba guda ta ƙunshi wane harafi ne da kuma inda zai zauna. Sai a rubuta ta da haruffa, a sami zcd, domin z tana matsayin 25, c tana matsayin 2 sau 35, d kuma 3 sau 1,225. A ƙarshe a sa xn-- a gaba domin shaida:

(7) haɗejiya
(8) xn--haejiya-zcd

Na (7) shi mutum zai gani, na (8) shi zai bi waya. Ta wannan hanya ce Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka sami gaɓar ƙasarsu da haruffan Larabci a watan Mayu na 2010, kuma bisa ƙa'ida babu abin da zai hana ajami bin sawu. Sai dai kowace hukumar rajista ita take zaɓar haruffan da za ta karɓa a ƙarƙashinta. Alhamzar da ke kan allon kwamfuta kuwa har yanzu haramtacciya ce a sunan na'ura, saboda haka 'Yankoli sai dai ta zama yankoli, abin da ƴ ta maƙwabtanmu ta tsira daga gare shi.

Akwai wani tarko ga masu sa alamar karin sauti. Harafin à ana iya shigar da shi a matsayin alama ɗaya, ana kuma iya shigar da a sa'an nan a ɗora mata karin. Ido ba ya bambanta su, na'ura tana bambantawa, shi ya sa dole manhaja ta narkar da su siga ɗaya kafin ta yi fassarar.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne kamanni. A wurin Bahaushe fada daban, faɗa daban; kasa daban, ƙasa daban; baki daban, baƙi daban. DNS ma ta yarda da haka, domin hadejiya da haɗejiya sunaye biyu ne a wurinta, mutum biyu na iya mallakarsu. Amma a kan ƙaramin gilashin waya, da rana tsaka a bakin kasuwa, ƙugiyar ɗ ba ta fi ƙwayar gero ba. A 2017 wani mai bincike, Xudong Zheng, ya yi rajistar suna da haruffan Sirilik zalla wanda manyan manhajojin shiga intanet suka nuna shi tamkar apple.com. Tun kafin wannan, da kuma bayansa, masu manhajojin suka riƙa ƙara matakai: in suna ya yi kama da na yaudara, sai su ƙi nuna kyakkyawar sigar, su nuna mai xn-- ɗin tsirara. Ga Baturen da bai san Hausa ba, ɗ ba komai ba ce illa d da aka yi wa kwaskwarima domin a cuci wani. Harafin da muka sha gwagwarmaya kafin ya zauna a boko yana iya samun kansa a layin waɗanda ake tuhuma.

Saboda haka duk makaranta ko ƙungiya ko masarauta da take son sunanta na intanet ya fito da ƙugiyarsa, wajibi ne ta yi rajistar siga biyun tare, mai ɗ da mai d, ta sa ɗaya ta riƙa kai mutum ga ɗayar, kafin wani ya riga ta. Malaman da ke koyar da ilmin kwamfuta a wurare irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman kuma, in sun ba ɗalibai aikin rubuta manhajar da ke karɓar adireshi, ya kamata su gwada ta da abubuwa uku kafin su ba da maki: 0177.0.0.1, da misali na (5) a rubuce da manyan haruffa, da sunan garin da suke zaune a ciki yadda masu garin suke rubuta shi.